SHARHI: ƊAN LITTAFIN NAHAWUN TURANCI DA NA SAYO A BABBAR KASUWA

Yau sharhi na kawo, kuma tun farko ina neman afuwa, domin za mu ɗan taɓa Turanci kafin mu dawo gida.

Ranar Asabar na shiga Babbar Kasuwa a nan Katsina neman littattafan rubutu na yara. Ina tsaye a shagon wani dattijo mai sayar da littattafai sai ya miƙo mani wani ɗan littafi, ya ce, "Malam, duba wannan, shi 'yan jarrabawa ke ta rububi." Na ce, "To Baba, bari mu gani." Kuɗinsa bai kai na tiyar gero ba, sai na saya. Ba zan faɗi sunan littafin ko na marubucinsa ba, don ba tozarta kowa na zo yi ba.

Littafin yana koyar da tambayar nan da ɗaliban WAEC da NECO suka sani a takardar Turanci: a ciro wani yanki daga cikin labari, a ce ɗalibi ya faɗi sunansa a nahawu, sannan ya faɗi aikinsa a jumlar. Marubucin ya yi bayaninsa da Hausa, kuma wallahi wannan abin yabo ne. Yaro ya fi kama abu da harshen da yake tunani da shi. Misalansa gajeru ne, Hausarsa ba sarƙaƙiya. Matsalar tana cikin dokoki uku da ya ce a haddace.

Doka ta farko: wai sunan da ya fara zuwa a jumla shi ne aikau. To mu gwada: In the market, Audu bought millet. Sunan farko a nan market ne. Kasuwa ce ta sayi gero? Ai Audu ne. Yaron da ya riƙe wannan doka ya faɗi tun bai fara ba.

Doka ta biyu: wai yesterday kullum bayanau ce. Amma a Yesterday was better, ita ce aikau. Ba sai mun je Ingila ba, ku tsaya a kowane layi na kasuwa da yamma za ku ji wani ya ce, "Jiya ta fi yau ciniki." Wa ya fi? Jiya. Har lamirin suna na mace ta samu, wato ta. Amma idan ɗan kasuwar ya ce, "Na kawo kaya jiya," to nan lokaci kawai take nunawa, bayanau ce. Kalma ɗaya, aiki biyu.

Doka ta uku ita ta fi damuna: wai duk gangar da ta fara da who aikin sifa take yi. Ga jumloli biyu:

The woman who sells groundnuts has gone.
I know who sells groundnuts.

A ta farko gangar tana fayyace woman, wato wace mata ake nufi, aikin sifa ke nan. A ta biyu babu sunan da take fayyacewa, ita kanta ce abin da aka sani, wato karɓau na know. Da Hausa: "Matar da ke sayar da gyaɗa ta tafi," da kuma "Na san wadda ke sayar da gyaɗa." Duk Bahaushe yana jin bambancin ko bai taɓa shiga aji ba. Su kansu masu jarrabawar sukan ce a amsa bisa yadda aka yi amfani da yankin a cikin labarin. Ke nan dokar hadda ba ta da wurin zama.

Abin da ya ba ni takaici shi ne, marubucin yana da makami a hannu bai yi amfani da shi ba. Ya ɗauki Hausa a matsayin tafinta kawai, alhali Hausa ta fi Turanci bayyana aikin kalma a fili. Dubi wannan:

Mata sun sayi gero.
Gero mata suka saya.
Mata sun saye shi.

A jumla ta biyu gero ya dawo gaba, amma bai zama aikau ba. Me ya nuna? Lamirin suka da mata ya dace, jam'i ne, gero kuwa tilo ne. Sannan ku lura da aikatau ɗin kansa: sayi idan suna ya biyo, saye idan wakilin suna ya biyo, saya idan karɓau ba ya bayansa. Wannan shi ne halin aji na biyu a cikin azuzuwan aikatau bakwai da F. W. Parsons ya tsara a 1960. Turanci ba ya haka, bought ɗin nan yana nan yadda yake a duka ukun.

Haka kaikaitaccen karɓau. Turanci zai ce She bought Binta a wrapper, sunaye biyu a jere ba wata alama, yaro ya yi ta zare ido. Hausa kuwa ta sa alama: "Ta saya wa Binta zane," ko yadda muke faɗa a nan Katsina, "Ta saya ma Binta zane." Duk inda wa ko ma ta tsaya, an san wanda aka yi domin shi. Da an fara nuna ma yaro wannan, da jumlar Turancin ta buɗe mashi.

Akwai kuma inda littafin ya yi wa Hausa kanta ɓarna. Ya ce ne da ce aikatau ne, wai don suna fassara is. A'a. Dirka ce. "Audu ɗan kasuwa ne" jumla ce cikakkiya marar aikatau, kuma dirka jinsi take bi, ba ta ɗaukar lokaci kamar aikatau. Duk wanda ya karanta littafin nahawu na Farfesa M. K. M. Galadanci na 1976 ya san ba a cusa Hausa cikin ƙirar Turanci da ƙarfi. Yaron da ya haddace wannan kuskure zai kai shi takardar Hausa ma, asara biyu ke nan.

Shawarata ga 'yan uwana malamai: kada mu hana yara littafin, amma mu soke dokokin nan uku. Mu koya masu su fara neman aikatau, sannan su tambayi jumlar: wa ya yi? Me aka yi wa aikin? Don wa? Yaushe, a ina? Amsar kowace tambaya ita ce aikin yankin. Malamin Hausa da na Turanci su zauna tare ko sau ɗaya a zango, domin darasin guda ne.

Shi kuma marubucin, in wannan ya kai gare shi, ya gyara a bugu na gaba. In ya gyara, ni zan fara saye in raba ma ɗalibaina. Inda na yi kuskure kuma, malamaina a gyara mani. Allah ya ba yaranmu sa'a.