Jigon Ƙarewar Mutanen Niyandatal a Littafin *The Inheritors*: Tsokaci Daga Tamale

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda ta yi tsokaci ne a kan jigon ƙagaggen labarin *The Inheritors* na William Golding (1955), tare da auna shi da binciken masana da tarihin baka na ƙasar Dagomba.

2.0 Jigo da Salo

Golding ya gina labarinsa a kan Lok da Fa, 'yan wani ƙaramin iyali na Niyandatal, wanda baƙi masu kwari da baka suka tarwatsa. Ƙarfin littafin yana ga salonsa. Ta idon Lok ake ganin yawancin abubuwa, har kibiyar da aka harbo masa ya zaci kyauta ce. Rauninsa kuwa shi ne ɗora wa baƙi alhakin ƙarewar kusan gaba ɗaya.

2.1 Ra'ayin Masana

Niyandatal sun ɓace kimanin shekara 40,000 da suka wuce. Binciken Tom Higham (2014) ya nuna sun yi zamani da mutane irinmu a Turai na tsawon shekara 2,600 zuwa 5,400. A 2010, ayarin Svante Pääbo ya gano cewa al'ummomin biyu sun haihu da juna. Don haka masana sukan haɗa dalilai da dama: ƙarancin yawansu, da haihuwa tsakanin dangi na kusa, da sauyin yanayi, da sajewa cikin baƙi.

2.2 Misali Daga Dagbon

Ɗalibin da ya tashi a Changli, cikin Tamale, ya san irin wannan jigo daga bakin makaɗan *lunsi*. Suna bayar da labarin yadda Naa Nyagsi, a wajen ƙarni na 15, ya karkashe *tindaamba*, wato masu kula da ƙasa da tsafinta, ya naɗa danginsa a garuruwansu. Amma har yau akwai *tindaamba* a Dagbon, suna zaune tare da sarakuna. Wato labari yana riƙe ranar yaƙi, ya tsallake shekarun zaman tare.

3.0 Kammalawa

Duk da haka, Golding bai rufe ƙofa ba. A ƙarshen littafin, baƙin sun tafi da jaririn Niyandatal cikin kwalekwalensu, wata mace tana shayar da shi. Wannan wuri ne ya fi dacewa da abin da bincike ya tabbatar shekara 55 bayan fitowar littafin, kuma daga nan ya kamata mai nazari ya faro.