Tantance Tsofaffin Wuƙaƙen Indiya: Ƙota ko Ruwa?

A ganina, babban kuskuren masu sayen tsofaffin wuƙaƙen Indiya, irin su katar da hanjar, shi ne sakin baki ga adon ƙota. Har gobe maƙeran Rajastan suna ɗora zinariya a kan sabon ƙarfe, su tsufar da shi da gangan.

Ni ruwan wuƙar nake fara dubawa. Ƙarfen wuz, wanda aka shahara da narka shi a kudancin Indiya, yana da zane kamar igiyar ruwa, kuma a cikin jikinsa yake. Ko an goge, in aka shafa asid sai ya dawo. Na jabu kuwa a fata ya tsaya, gogewa ɗaya ya tafi.

Daraja kuma asali take bi. A 2019 an yi gwanjon wuƙar Sarki Shah Jahan a New York a kan fiye da dala miliyan 3, domin an san mai ita. Sannan dokar Indiya ta 1972 ta hana ɗaiɗaikun mutane fitar da kayan tarihin da suka kai shekara 100. Saboda haka duk dillalin da ba shi da takardar asali, ina shakkar hajarsa.