Kogin Isa a idon mai wucewa: waiwaye kan finafinai biyu na Jean Rouch

A shekarar 1946, Jean Rouch da abokansa biyu, Jean Sauvy da Pierre Ponty, suka shiga kwalekwale suka bi kogin Isa tun daga mafarinsa a ƙasar Gine har inda yake zuba cikin teku, tafiyar kusan kilomita 4,200. Daga cikinta ne aka samu fim ɗinsa na farko, Au pays des mages noirs, wanda ya fito a 1947, kan farautar dorina da Sarkawan Ayoru ke yi.

Duk wanda ya kalli wannan fim yau zai tarar da aibin matafiyin da ke leƙen gaɓa daga cikin jirgi. Kamfanin Faransa da ya sayi hotunan ya yi masu yankan ƙauna, ya ɗora masu kiɗa da muryar mai sharhi mai zuzuta abin tsoro. Wasan bori da Sarkawa ke yi kafin farauta, domin neman iznin iskokin ruwa, an ɗauke shi an kai ƙarshe, sai ya koma rawar murnar cin nama. Da aka juya jerin al'amura, ma'anar ta salwanta. Rouch kansa ya yi tir da wannan aiki daga baya.

Darajar Bataille sur le grand fleuve, wanda ya ɗauka a 1951, tana cikin zaman da ya yi. Ya dawo Ayoru, ya share watanni tare da masunta, ya nuna saƙar igiya, da gyaran zago, da doguwar jira, har da yadda babban dorina ya kuɓuce masu. Amma shi ma bai tsira daga kuskure ba. Da ya haska fim ɗin a garin, masuntan suka ƙi yarda da kiɗan da ya sanya a wurin farauta, don dorina dabba ce mai kaifin ji, kuma shiru ake yi mata. Ya karɓi gyaran, ya cire kiɗan. Baƙo ko da idonsa ya kai faranti, ɗan gari ne ke nuna masa hanya.

Wannan darasi ya shafi yawon buɗe ido a kogi baki ɗayansa. Shekaru da dama ana ɗaukar baƙi a kwalekwale daga Yamai zuwa Bubon, su ɗauki hoton dorina da faɗuwar rana su koma, ba su san sunan mai tuƙa su ba, balle gonar shinkafar da dabbar ta cinye daren jiya.

Rouch ya rasu a 2004 a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni. Malaman da ke nuna wa ɗalibai aikinsa, ya kamata su haska finafinan biyu a jere, sannan su tambaye su: a wanne ne Sarkawa ke magana, a wanne ne ake magana a kansu?