Ikon Aro a Hannun Ɗan Adam: Duba ga Wani Salon Fina-finan Barkwanci

Daga cikin jigogin da masu shirya fina-finan barkwanci suka daɗe suna komawa gare su, akwai labarin mutumin da ba kowa ba, ma'aikacin ofis ko malamin makaranta ko ɗan jarida, wanda aka wayi gari an damƙa masa ikon da ya wuce na ɗan Adam, ta yadda duk abin da ya furta zai tabbata nan take. Fim ɗin da ya fi kowanne yaɗa wannan salo shi ne Bruce Almighty, wanda kamfanin Universal na Amurka ya fitar a watan Mayun 2003, Tom Shadyac ya ba da umarni, Jim Carrey ya fito a matsayin jarumi, tare da Morgan Freeman da Jennifer Aniston da Steve Carell. An kashe masa kimanin dala miliyan 81, ya kuma tara fiye da dala miliyan 480 a gidajen sinima na duniya, wannan riba ce ta sa aka yi ta kwaikwayonsa a Amurka da Indiya da Ingila cikin shekarun da suka biyo baya. Ra'ayin wannan rubutu shi ne cewa salon yana ɗauke da tambaya mai nauyi game da iko da haƙƙin mutane, amma yawancin fina-finan da suka bi shi suna ɗauko tambayar su ajiye ta a rabin hanya, domin sun fi damuwa da gyaruwar halin jaruminsu fiye da mutanen da ikonsa ya taka.

Labarin Bruce Nolan ba shi da sarƙaƙiya. Ɗan rahoto ne a wani gidan talabijin na birnin Buffalo a jihar New York, wanda ake tura shi ɗauko ƙananan labarai na nishaɗi alhali ransa yana kan kujerar mai gabatar da labarai, kuma a ranar da ya ji an ba abokin hamayyarsa Evan Baxter wannan kujera, yana tsaye a cikin jirgin ruwa kusa da magangarar Niagara ana nuna shi kai tsaye, sai ya fashe da baƙar magana a gaban jama'a har aka kore shi daga aiki. Daga nan ya ɗora laifin duk abin da ya same shi a kan Mahalicci, sai wanda fim ɗin ya nuna a wannan matsayi ya kira shi, ya miƙa masa ikon na wani ɗan lokaci bisa sharuɗɗa biyu: kada ya faɗa wa kowa, kuma ba zai iya taɓa 'yancin zaɓi ba, wato damar da kowane mutum yake da ita ta so ko ƙi da kansa ba tare da an tilasta zuciyarsa ba. Masu sharhi da dama sun haɗa wannan mafari da ƙissar Annabi Ayyuba, amma tazarar da ke tsakaninsu ita kanta tana bayyana irin fim ɗin, domin wanda ya rasa dukiya da 'ya'ya da lafiya ya yi haƙuri, shi kuwa Bruce ƙarin girma kawai ya rasa, yana da gida da lafiya da mace mai ƙaunarsa, duk da haka ya cika gari da kuka.

Ya kamata a ba fim ɗin haƙƙinsa a inda ya yi daidai, kuma ya yi daidai a wurare biyu. Na farko shi ne yadda ya nuna cewa iko ba ya ƙara wa mutum girman zuciya, sai dai ya fito da abin da ke cikinta tun asali. Bruce bai tuna da marasa lafiya ko mayunwata ba a kwanakinsa na farko. Abin da ya yi shi ne sauya tsohuwar motarsa da sabuwa, da ramuwa a kan 'yan iskan da suka taɓa dukansa, da ƙirƙiro manyan labarai domin ya zama shi ne ya fara ɗauko su, har da faɗowar dutse daga sama da gano gawar Jimmy Hoffa, shugaban ƙungiyar ƙwadago da ya ɓace a 1975, sannan ya karkatar da harshen Evan yana cikin karanta labarai har ya zama abin dariya. Na biyu, wanda shi ne mafi ƙarfin abin da ke cikin fim ɗin, shi ne batun roƙe-roƙen jama'a. Muryoyin masu addu'a sun cika kunnen Bruce, ya mayar da su takardu suka cika ɗaki, ya mayar da su saƙonnin imel a kwamfuta suka fi ƙarfin karantawa, sai ya gaji ya amsa wa kowa da e a lokaci guda. Sakamakon haka mutane masu ɗimbin yawa suka ci cacar tikiti a rana ɗaya, aka raba kuɗin kowa ya tashi da dala 17, gari ya rikice da tarzoma. A cikin wannan ɗan yanki an faɗi gaskiyar da littattafan falsafa suke ɗaukar babi guda kafin su kai gare ta, wato cewa bukatun mutane suna cin karo da juna, biyan bukatar wani sau da yawa hana wani ne, kuma wanda ba ya ganin dukan al'amari daga farkonsa zuwa ƙarshensa ba zai iya raba alheri ba ko da yana da niyyar yi.

Inda fim ɗin ya gaza ya fi wannan muhimmanci, kuma gazawar tana cikin wani yanki da yawancin 'yan kallo suke tunawa a matsayin abin sha'awa. Domin ya burge budurwarsa Grace a wani dare, Bruce ya jawo wata kusa da ƙasa don haskensa ya ƙaru, washegari kuma sai aka ji a talabijin cewa igiyar teku ta afka wa wani yanki na Japan saboda sauyin da ya samu watan. Labarin ya wuce a bayan fage cikin 'yan daƙiƙoƙi, ba a nuna fuskar mutum ɗaya daga cikin waɗanda ruwan ya ci gidajensu ba, ba a kuma sake komawa kansu da wani nauyi ba har fim ya ƙare. Abin da ya karya zuciyar Bruce daga baya, ya sa shi durƙusawa a tsakiyar titi yana miƙa wuya, shi ne tafiyar Grace da kasawarsa wajen tilasta mata ta so shi. Ma'aunin fim ɗin ke nan a fili: rabuwar mutum ɗaya da budurwarsa ta fi bala'in da ya sauka a kan wata al'umma nauyi, saboda shi ne jarumi su kuwa suna nesa. Ba za a kare wannan da cewa ai barkwanci ne ba, domin fim ɗin da kansa ne ya zaɓi ya yi wa'azi a kashinsa na ƙarshe, inda aka gaya wa Bruce cewa abin al'ajabi na gaskiya shi ne uwar da take aiki biyu ta kuma sami lokacin ɗanta, aka kuma rufe da shi yana tallata ba da gudummawar jini. Wanda ya hau mumbari ya yi magana a kan alhakin mutum ga ɗan'uwansa ya buɗe ƙofar a tambaye shi alhakin waɗanda aka zalunta a cikin labarinsa, kuma tuba da ba ta haɗa da mayar da haƙƙi ba, ko aƙalla amincewa da shi, tuba ce da mai kallo Bahaushe zai gane gurguwa ce tun kafin a yi masa bayani.

Abin lura shi ne cewa tushen wannan salo bai yi irin wannan sassauci ba. A 1898 marubucin Ingila H. G. Wells ya wallafa gajeren labari mai suna The Man Who Could Work Miracles, wanda aka mayar fim a 1936 tare da Roland Young a matsayin jarumi. George Fotheringay ƙaramin ma'aikaci ne da ba ya yarda da mu'ujiza, yana cikin gardama a kanta a wata mashaya ya umarci fitila ta kife, sai ta kife tana ci. Ya fara da ƙananan abubuwa, ya jefa wani ɗan sanda da ya dame shi zuwa San Francisco, daga baya wani limamin coci mai suna Maydig ya zuga shi su gyara garin a dare ɗaya, da lokaci ya ƙure musu sai ya umarci duniya ta daina juyawa domin kada gari ya waye. Wells, wanda ya karanci kimiyya, ya bi umarnin har ƙarshensa: ƙasa ta tsaya cik, duk abin da ke kanta na mutane da gidaje da tekuna ya ci gaba da gudu da saurin da yake kai, komai ya hallaka, Fotheringay kaɗai ya tsira a tsakiyar guguwa. Roƙonsa na ƙarshe shi ne a mayar da komai yadda yake kafin kifewar fitilar, a kuma ɗauke masa ikon har abada. Wannan labari ma abin dariya ne, amma dariyarsa ba ta ɓoye gawarwakin ba, kuma halakar ta zo ne a daidai lokacin da mutumin yake ƙoƙarin aikata alheri, wanda darasi ne da ya fi na Bruce zurfi, tun da shi Bruce son kansa ne ya jawo yawancin ɓarnarsa, ana iya fita daga kallonsa da zaton cewa da mutumin kirki aka ba ikon da komai ya tafi daidai.

Labarin Wells yana kuma amsa wata matsala da ba za a tsallake ta ba, wato siffanta Mahalicci da surar mutum. Bruce Almighty ya gaji wannan daga Oh, God! na 1977, inda George Burns ya fito a wannan matsayi a siffar tsoho mai tabarau, kuma saboda haka ne hukumar tace fina-finai ta Masar ta hana nuna fim ɗin Carrey da farko, Malesiya kuma ta taƙaita shi ga manya. Ga Musulmi wannan iyaka ce da ba ta karɓar ciniki, haka ma wasan da aka yi da raba miyar tumatir a kwano don kwaikwayon mu'ujizar Annabi Musa, kuma Kiristoci da Yahudawa da dama sun ƙi irin wannan siffantawa bisa dalilansu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa ko ta fuskar fasahar labari siffantawar ba dole ba ce. A rubutun Wells ikon ya zo ne ba tare da an ga mai bayarwa ba, wannan rashin sani kuwa ya ƙara wa labarin tsoro da armashi. A Absolutely Anything na 2015, wanda Terry Jones ya ba da umarni, wasu halittu ne daga sararin samaniya suka ba wani malamin makaranta ikon don su gwada ko 'yan Adam sun cancanci a bar su da rai, a ƙarshe kuma karensa ne, da muryar Robin Williams, ya yi amfani da ikon da kyau fiye da ubangidansa. Fim ɗin bai yi kasuwa ba kuma raunin rubutunsa a bayyane yake, amma ya nuna cewa jigon yana tsayawa da ƙafarsa ba tare da an taɓa abin da jama'a suke tsarkakewa ba, kamar yadda masu karatun Dare Dubu da Ɗaya suka daɗe da sani daga labaran aljanun zobe da fitila. Akwai ma hujjar cewa sanya dattijo mai fara'a a wannan matsayi shi ne ya ba fim ɗin Bruce damar kauce wa batun Japan, domin muddin yana nan yana murmushi, mai kallo yana samun tabbacin cewa babu abin da ya ɓaci da gaske.

Waɗanda suka biyo baya sun ɗauki ɓawon suka bar ƙwayar. Evan Almighty na 2007 ya mayar da Steve Carell ɗan majalisar dokokin Amurka da aka umarta ya sassaƙa jirgi irin na Annabi Nuhu, aka kashe kimanin dala miliyan 175 a kan dabbobi da ambaliyar da aka haɗa da kwamfuta, abin da ya shigo daga sinima bai wuce kuɗin da aka zuba ba, kuma tambayar iko ta ɓace gaba ɗaya tun da jarumin umarni kawai yake bi. A Indiya, God Tussi Great Ho na 2008, wanda Rumi Jaffery ya ba da umarni, ya haɗa Salman Khan da Amitabh Bachchan da Priyanka Chopra, sunayen da masu kallon fina-finan Indiya a ƙasar Hausa suka sani sarai, ya ba jarumin ikon na kwana goma, ya kuma bi sawun fim ɗin Amurka har a aikin talabijin da hamayya a kan mace. Waƙoƙi da rawa sun ƙara masa tsawo, amma yawancin kwana goman sun tafi ne a kan neman zuciyar budurwa da kunyata abokin hamayya a wurin aiki, shi ma bai samu karɓuwa a kasuwa ba. A duka biyun, kamar a fim ɗin 2003, jama'ar gari suna nan ne a matsayin taron da ake gwada iko a kansu, su yi murna ko su yi tarzoma gwargwadon bukatar labarin, ba a ba ko ɗaya daga cikinsu suna da fuska da damar tsayawa gaban jarumin ya nemi bayanin abin da aka yi masa ba.