Goal: Fim Ɗin Da Ya Tara Abokai, Ya Miƙa Kofin Ga Mutum Ɗaya

Wata Laraba da babu wasan Turai, mai gidan kallon bayan layinmu ya rasa abin da zai sa wa jama'a, sai ya jawo wani tsohon fim ɗin Indiya, Dhan Dhana Dhan Goal, wanda mu a nan Sabo "Goal" kawai muke ce masa. Ni cajin waya ya kai ni, amma ban tashi ba sai da aka fara jero sunaye a ƙarshe. A 2007 fim ɗin ya fito, Vivek Agnihotri ne darakta, kuma na taɓa kallonsa a faifai tun ina saurayi, lokacin da nake ganin ni ma wata rana za a ji sunana a rediyo. Yanzu da gwiwa ta fara ƙara in na durƙusa, sai na ga abubuwan da a da ban gani ba. Wasu sun burge ni fiye da da. Ɗaya kuma ya ba ni haushi, shi ne ma dalilin wannan rubutu.

Ga wanda bai kalla ba, ga yadda abin yake. A yammacin Landan akwai unguwar da ake kira Southall, kusa da filin jirgin sama na Heathrow. Unguwar baƙi ce. Tun shekarun 1950 mutanen Indiya da Fakistan, musamman 'yan Punjab, suka riƙa zuwa aikin masana'antu suna zama a can, har ta kai yau allon tashar jirgin ƙasan unguwar da Turanci da rubutun Punjabi aka rubuta shi. A fim ɗin, unguwar tana da ƙungiyar ƙwallo mai suna Southall United. Ba kuɗi, ba koci, ba 'yan kallo. 'Yan wasan kowa da sana'arsa, sai an tashi aiki a haɗu a fili, wasunsu ma tumbi ya riga su shiga raga. Sai ga takarda daga hukuma: wa'adin hayar filin ya ƙare, in ba su kawo miliyoyin fam ba za a karɓe shi a yi gine-ginen kasuwanci a kai. Hanya ɗaya ta rage musu, su ci gasar ƙananan ƙungiyoyin yankinsu, su biya da kuɗin kofin.

Kyaftin ɗinsu Shaan, wanda Arshad Warsi ya fito a matsayinsa, shi ya ɗauki abin a ka. Ya je ya lallaso Tony Singh, wato Boman Irani, tsohon ɗan wasan ƙungiyar da ake zargi da watsar da su a ranar wasan ƙarshe shekaru da dama baya, ya zama koci.

Wannan kashi na farko, wallahi, ba ni da abin cewa sai yabo. Duk wanda ya taɓa buga wa ƙungiyar unguwa zai ga kansa. Akwai Musulmi, akwai Sikh mai rawani, akwai Hindu. Wasu asalinsu Indiya, wasu Fakistan, wasu Bangaladash, ƙasashen da a can gida ba sa ga-maciji, amma a Landan sanyi ɗaya ke dukansu, kallon raini ɗaya ake yi musu. Suna zolayar juna, suna faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba, gobe kuma kowa ya dawo fili kamar ba a yi ba. Arshad Warsi ya fi kowa iya wasansa a fim ɗin nan, ban damu da wanda aka sa babba a hoton fasta ba. Fuskarsa fuskar mutumin nan ne da kowace ƙungiya take da irinsa: shi ne mai bin mutane karo-karon kuɗin jesi, shi ne mai ajiye ƙwallo a ɗakinsa, shi ake zagi in an sha kashi, in an ci kuma a manta da shi. Ba shi ya fi kowa iya taka leda ba. Amma ranar da ya daina zuwa, ƙungiya ta mutu. Na waiga a gidan kallon na ga mutum biyu suna nuna wani da baki suna dariya, shi kuma ya sunkuyar da kai. Ba sai na faɗi sunansa ba, kun san shi.

To, sai jarumi ya shigo.

John Abraham ne, a matsayin Sunny Bhasin, yaron da aka haifa a Ingila, yake ganin kansa Bature ne cikakke, yake yi wa ƙungiyar unguwarsu kallon taron 'yan wasa da hankali. Burinsa ya buga wa babbar ƙungiyar Turawa, sai aka ajiye shi gefe saboda launin fatarsa, duk da ya fi waɗanda aka ɗauka. Daga nan koci ya jawo shi Southall. Wannan ma batu ne mai nauyi, kuma ba ƙirƙira ba ce. Mutanen kudancin Asiya miliyoyi ne a Birtaniya, amma a lokacin da aka yi fim ɗin, waɗanda suka taka Firimiya daga cikinsu da yatsun hannu ake ƙirga su: irin su Zesh Rehman da ya buga wa Fulham, da Michael Chopra da ya taso a Newcastle. Unguwar Southall kanta ta ga jini a kan wannan magana. A 1976 aka kashe wani matashi ɗan shekara 18, Gurdip Singh Chaggar, a kan titinta. A 1979 wani malamin makaranta, Blair Peach, ya rasa ransa a zanga-zangar adawa da taron jam'iyyar masu ƙyamar baƙi ta National Front. Saboda haka in fim ya ce yaron da aka haifa a gari, yake jin yaren gari fiye da na iyayensa, ana iya tuna masa wata rana cewa shi baƙo ne, ai mu ba sai an yi mana fassara ba. Sabo tun 1916 take nan, kakannin wasunmu a nan aka binne su, amma je ka nemi takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ka ji tambayar da za a fara yi maka.

Matsalata ita ce abin da fim ɗin ya yi da sauran mutanen bayan Sunny ya iso. Kamara ta bi shi ta manta da su. Soyayyarsa da Rumana, 'yar'uwar Shaan kuma likitar ƙungiyar, wadda Bipasha Basu ta fito a matsayinta. Rigimarsa da mahaifinsa. Raunin da ya ji a hanci, wanda aka ce in ya sake sa wa ƙwallo kai zai iya rasa ransa. Bos ɗin fim ɗin, Johnny Bakshi, ya yaudare shi da kwantiragi ya bar su ana tsaka da gasa. Sannan ya dawo a wasan ƙarshe, ya sa kan nan da aka hana shi sawa, ƙwallo ta shiga raga, fili ya tsira. Mutum goma da suka yi shekaru suna share filin nan, suna cin kashi a kansa, sun koma masu tafi da rungume jarumi. Ko sunayen rabinsu ba za ka riƙe ba in an tashi. Na gwada: a bakin ƙofa na tambayi samari uku sunan golan Southall, babu wanda ya sani. Ƙungiyar unguwa kuwa, ai gola shi ne mutum na farko da kowa ya sani, don shi ake ɗora wa laifi.

Wani zai ce, Malam, ai fim ɗin Indiya ne, dole a yi jarumi. Ban yarda ba. A shekarar nan ta 2007, wata uku kacal kafin Goal, aka saki Chak De! India, inda Shah Rukh Khan ya fito a kocin 'yan mata masu wasan hoki. Shi ma tsohon ɗan wasa ne da aka ɓata wa suna, labarin kusan uwa ɗaya uba ɗaya. Amma a can, duk girman Shah Rukh, an ba 'yan matan wuri. Kowace da halinta, da garinsu, da abin da ke cin ranta, kuma a ƙarshe abin da ya kawo nasara shi ne wadda ba ta son ba da ƙwallo ta haƙura ta bayar. A Goal an juya abin: ƙungiya ta koyi cewa ba ta iya komai sai gwani ya dawo.

Kuma wannan darasi ne mai guba a fili irin namu. Mun sha gani. Ana gasar unguwanni, an yi wata biyu ana tirenin da asuba da yaran layi, sai ranar wasan kusa da na ƙarshe a ga baƙuwar fuska an ba ta jesi mai lamba 9, wai ɗan hayar da aka ɗauko daga wata unguwa, an biya masa kuɗin mota da na shayi. Yaron da bai taɓa fashin tirenin ba ya koma benci. Wani lokaci a ci kofin, ban musa ba. Amma bayan sallah ka zo ka ƙirga waɗanda suka dawo fili. Wanda aka zaunar ya yi zuciya, abokansa biyu sun bi shi, ɗan hayar kuma yana can yana buga wa wasu. Kofin yana kan kanta a shagon wani yana shan ƙura.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ƙaryar da ta fi girma. Ƙananan gasannin yanki a Ingila suna can mataki na 9 da na 10 ne in ka ƙirgo daga Firimiya zuwa ƙasa. Ƙungiyoyi ne da ke rayuwa da kuɗin ƙofa, da sayar da shayi, da 'yan sa-kai masu wanke jesi. Babu mai cin irin wannan gasa a miƙa masa miliyoyin fam. Marubutan fim ɗin sun buƙaci hanyar da ƙwallo ɗaya za ta biya bashin fili, sai suka ƙirƙiro ta. Abin da ya sa na damu shi ne akwai ƙungiyar Southall ta gaske, ba ta fim ba, kuma labarinta ya fi wannan daɗin ji, ya fi shi ciwo. An kafa ta a 1871, tana cikin tsofaffin ƙungiyoyin Ingila. A 1986 ta kai wasan ƙarshe na kofin FA Vase, kofin ƙananan ƙungiyoyi, ta buga a Wembley, Halesowen Town ta doke ta da ci 3 da nema. A cikin 'yan wasanta na ranar akwai wani matashi, Les Ferdinand, wanda daga baya ya buga wa QPR da Newcastle da Tottenham da ƙasar Ingila. Wato sun sami gwanin, na gaske ma ba na fim ba. Sun je Wembley. Shekara shida bayan haka, a 1992, suka bar filinsu na Western Road, suka shiga yawon aron filayen wasu ƙungiyoyi a wasu unguwanni, shekara da shekaru. Gwani ya wuce gaba abinsa, kamar yadda gwanaye suke yi, kuma ba laifinsa ba ne. Fili kuwa a ofis ake rasa shi, a kan takarda, ranar da babu ɗan wasa ko ɗaya a wurin.

Da fim ɗin ya tsaya a nan, da ya yi abin da ba a saba gani ba. Da mun ga Shaan yana bin shaguna da faranti, yana zaman jiran jami'i, yana roƙon dattawan gurdwara da na masallaci su sa baki. Na san ba a rawa a irin wannan wuri, kuma furodusa yana son kuɗinsa su dawo. Shi ya sa aka ba mu waƙar "Billo Rani", wadda, in faɗi gaskiya, har yau tana da daɗi, Pritam ya iya kiɗa, sai dai ko an cire ta labarin ba zai san an cire wani abu ba. Aka kuma kai 'yan wasan ziyara Old Trafford don a zaburar da su, filin da agogon tunawa da hatsarin jirgin Munich na 1958 yake manne a bangonsa. 'Yan Manchester na gidan kallo sun yi ihu, 'yan Arsenal sun yi tsaki, an wuce.

Ita kanta ƙwallon da aka nuna, kada ku sa rai. An yanka hoton gutsi-gutsi, ƙafa a nan, fuska a can, sai kuma raga ta motsa. Ba ka ganin yadda aka gina hari, ba ka sanin wa ke tsaron wa. Mutanen da Adamasingba ke bayan gidansu, waɗanda iyayensu suka ga Shooting Stars ta ɗauko kofin Afirka a 1976, ba za a ruɗe su da wannan ba. Turawan fim ɗin kuma kusan dukkansu mugaye ne na kwali, ba su da aiki sai harara da ƙeta. Wariya ta gaske ba kullum take zuwa da zagi ba, sau da yawa da murmushi take zuwa, a ce maka ka dawo wani mako.

Duk da haka ina cewa a kalla, musamman masu riƙe da ƙungiyoyin layi. A kalli awa ɗaya ta farko da kyau, sauran kuma a sha kiɗa. Da muka fito daren nan, mu huɗu muka tsaya wajen mai shayi, dukkanmu mun taɓa sa jesi ɗaya shekarun baya. Musu ya kaure kan ko Sunny ya cancanci a sake karɓarsa bayan ya gudu. Biyu suka ce a karɓe shi, ai ya yi nadama. Ɗaya ya ce shi da shi ne kyaftin, ko benci ba zai zauna ba. Muna cikin haka sai tsohon golanmu, wanda tun da aka fara bai ce uffan ba, ya ajiye kofinsa ya tambaye mu: filin da yaran layi suke bugawa yanzu, na waye, kuma wa ya taɓa ganin takardarsa? Muka dubi juna. Namu na da, inda muka yi shekara tara muna bugawa, yanzu shaguna ne jere guda, a daidai inda ragarsa take ana sayar da kayan gyaran babur.