Littafin Hutu: Ɗan Jos Ya Rubuta Ciwon Jos

Makarantu sun rufe, sanyin Disamba ya sauko, kuma duk gidan da ka leƙa a Dutse Uku bayan isha'i za ka tarar da yarinya ta ƙudundune cikin bargo, hasken waya a fuskarta. Karatu take yi. Masu cewa yaran yanzu ba sa karatu ba su duba da kyau ba. Suna yi, har fiye da yadda muka yi zamanin da muke ba da kuɗin hayar In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Abin dubawa shi ne me suke karantawa.

Yawancin labaran da ke yawo a WhatsApp da Wattpad gari ɗaya suke zaune, garin da babu shi. Gida mai hawa uku, saurayi ya dawo daga Dubai, mota kala biyar, a yi shafi tamanin ba a ɗauke wuta ko sau ɗaya ba. Ba ka jin sanyi a ciki, ba ka ganin mai shayi, ba wanda ya taɓa tsayawa neman keke a Tina Junction. Har 'ya'yanmu da suka fara rubuta nasu, can suke kai taurarinsu.

Shi ya sa a wannan hutun muka ɗauko littafin Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, mai suna Season of Crimson Blossoms, wato kakar jajayen furanni. Ya fito a 2015, a 2016 ya ci gasar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG, mai kyautar dala 100,000. An fassara shi zuwa Faransanci da Jamusanci.

Labarin Hajiya Binta Zubairu ne, mai shekara 55, wadda aka kashe mijinta a rikicin Jos, ɗanta ya mayar da ita Mararaba kusa da Abuja. Wata rana ɓarawo ya haura gidanta, wani ɗan daba mai sayar da wiwi da ake kira Reza, wanda ta haife shi da nisa. Daga nan wata alaƙa ta haram ta ƙullu tsakaninsu. Mu faɗa tun yanzu: ba littafin da za a miƙa wa yaron sakandare ba ne. Akwai wuraren da marubucin ya ɗaga labulen da Bahaushe ke son a bar shi a sauke, kuma a ganinmu da ya rage su labarin ba zai rasa komai ba.

Amma wanda ya tsaya a nan ya yi jifa ya bar tsuntsu. Ƙashin bayan littafin ita ce kunyar ɗan fari. Binta ba ta taɓa kiran ɗanta na fari da sunansa ba, Yaro take ce masa, ba ta nuna masa so a fili ba saboda al'ada, har 'yan sanda suka harbe shi. Shi kuma Reza uwarsa ta tafi ta bar shi tun yana ƙarami. Kowannensu ya ga abin da ya rasa a fuskar ɗan'uwansa. To wace uwa ce a unguwar nan ba ta san wannan alkunyar ba? Abin da muke gani kullum har ya daina ba mu mamaki, shi marubucin ya ɗaga ya tambaya: idan yaron ya mutu fa, ina uwar za ta kai sunan da ta haɗiye? Gwaninta ke nan a rubutu, ka ɗauki abin gida ka sa mai gida ya sake kallonsa.

Sai Fa'iza, 'yar riƙon Binta, wadda ta ga an kashe ɗan'uwanta a Jos. Ba ta iya ganin jini, ba ta son nama. Maɓoyarta littattafan soyayya ne da fuskar Ali Nuhu. Nan marubucin ya burge mu, domin bai yi wa littattafan ba'a ba. Ya nuna cewa yarinyar da ta nutse cikin labarin attajiri wani lokaci gudun wani abu take yi. Mu da muka ga Satumba 2001, muka ga Nuwamba 2008, muka ga Janairun 2010 da ya taso daga ƙofar gidajenmu, mun san Fa'iza ba ɗaya ba ce. Kafin uba ya fizge waya a hannun 'yarsa, ya kamata ya san me take ɓoye wa a ciki.

Inda littafin ya yi rauni, ɓangaren ɗan siyasar da ke amfani da su Reza ne. Sanata mai murmushi da ke hayar 'yan daba, mun sha ganinsa a fim, kuma daga nan labarin ya fara gudu kamar mai neman tasha. Abu na biyu ya fi damunmu. Jos ɗin da ke cikin littafin ta tuna baya ce kawai: wuta, gudu, gawa. Gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ba. Ina waɗanda ba su tafi Mararaba ba, suka tsaya suka sake ɗora kwano, suka ci gaba da ciniki da maƙwabtan da ake ce musu abokan gaba? Na uku, da Turanci aka rubuta shi. Sa'o'in Hajiya Binta da ke zuwa Islamiyyar matan aure, waɗanda suka fi kowa cancantar yanke masa hukunci, mai karatu a Faransa ya riga su jin labarinsu.

Wannan giɓin ba aikin mutum ɗaya ba ne, namu ne. A 1933 gasa guda da aka shirya daga Zariya ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki. A 2016 BBC Hausa ta fara gudanar da gasar Hikayata ta mata zalla. Ƙofa a buɗe take, kuma kayan labari ba su ƙare mana ba. Har yanzu akwai tsofaffin da iyayensu suka zo haƙar kuza, akwai waɗanda dukiyarsu ta ƙone a babbar kasuwar Terminus a 2002 suka fara daga tebur. Kowace shekara muna binne wasu da labarinsu a baki.

Don haka shawararmu ga iyaye da malaman Islamiyya mai sauƙi ce. Manya masu Turanci su nemi littafin su karanta, su ba iyayensu mata labarinsa da Hausa, a yi gardama a kai. Yara kuma a saya musu littafin rubutu mai shafi arba'in, a tura su wajen kaka da tambaya ɗaya: yaya aka yi muka zo unguwar nan? Sharaɗi guda, kada a sa ƙafa a Dubai. A rubuta sunan layi, a rubuta farashin dankali, a rubuta Hausar Jos yadda take fita a baki. Duk wanda ya kawo shafi biyu kafin a koma makaranta a Janairu, mu za mu fara karantawa.