Kalmar "bifteck" a Faransanci: Asali, Ma'ana da Amfani

Galibin ƙananan ƙamusoshin Faransanci, in sun zo kan kalmar bifteck, sukan ce yankan naman shanu ne da ake gasawa ko soyawa, sannan su ƙara da cewa an aro ta daga beefsteak ta Ingilishi. Wannan bayani gaskiya ne, amma bai cika ba, domin yakan sa ɗalibi ya zaci kalmar Ingilishi ce da Faransawa suka kasa furtawa. Manufar wannan sharhi ita ce nuna raunin wannan zato.

Mu fara da asali. Kalmar ta Ingilishi haɗin kalmomi biyu ce. Ta farko, beef, daga tsohon Faransanci buef ta fito, watau bœuf ta yau, wadda tushenta bos ne na Latin. Ta ƙetara Ingila bayan da Normawa suka ci ƙasar a 1066. Ta biyu, steak, daga steik take, a tsohon harshen mutanen Sikandinabiya, inda take da dangantaka da gasa nama bisa tsinke, kamar tsire. Ke nan rabin kalmar ƴar gida ce da ta yi ƙaura wajen shekara 700, ta komo da baƙuwa.

An fara ganin ta cikin rubutun Faransanci a ƙarni na 18 da siffofi dabam-dabam. A farkon ƙarni na 19 siffar bifteck ta kafu, har ta shiga ƙamus na Académie française a bugun 1835. Abubuwa uku ke nuna cewa ta zama ta Faransanci sosai.

Na ɗaya, furuci. Baƙaƙe uku a jere, fst, sun yi nauyi, sai aka zubar da s. Dogon wasalin gaɓar farko ya gajarce, tagwan wasalin ta biyu ya koma tilo. Kalmar ta kuma samu jinsin namiji.

Na biyu, ma'ana. Bafaranshe yakan ce bifteck de cheval, watau yankan naman doki, ba tare da ya ji wani saɓani ba. Wannan shaida ce cewa gaɓar bif ta daina nufin sa a kunnensa. Kalmar ta dunƙule, tana nufin irin yanka da irin dahuwa.

Na uku, karin magana. Gagner son bifteck na nufin neman abin sakawa a bakin salati, défendre son bifteck kuwa kare abin da mutum ke ci da shi. Kalma ba ta kai ga karin magana sai ta daɗe a bakin talaka.

Roland Barthes, cikin littafinsa Mythologies na 1957, ya nuna yadda Faransawa suka mai da wannan nama da soyayyen dankali alamar ƙasarsu. Sai dai hankalinsa na kan abincin ne. Da ya bi tarihin sunan, da hujjarsa ta ƙara ƙarfi, tun da alamar da ake tinƙaho da ita sunan aro gare ta.

Wannan batu ya shafi masu tsara ƙamusun Hausa. Kalmar lakwal daga l'école take, ta haɗiye har da l' na gabanta, kuma ba wanda zai kira ta gurɓataccen Faransanci in ya san dokokin furucin Hausa. Saboda haka ya kamata ƙamus ya raba abu uku a kowace kalmar aro: inda ta fito, yadda harshe ya sarrafa ta, da abin da masu harshen ke nufi da ita. Wanda ya tsaya ga na farko kaɗai ya bai wa ɗalibi sulusin bayani.